Ba sunan wanda ya gano guguwa ake raɗa mata ba

Mutane da yawa sun ɗauka guguwar teku tana cin sunan masanin da ya fara hango ta. Ba abin mamaki ba ne, tunda sunayen mutane ake ji.

A Tekun Atlantika, tun kafin lokacin guguwa ya kama a watan Yuni, sunayen na nan a rubuce. Jeri shida ne, kowanne da suna 21, ana juya su duk shekara shida. Da iskar ta kai gudun kilomita 63 a awa, sai a ba ta sunan da ke gaba. Daga 1953 na mata kaɗai ake sawa, sai a 1979 aka haɗa da na maza. Wadda ta yi mummunar ɓarna kuwa, ana cire sunanta.

Ku nemo jerin bana a intanet, ku gwada da na shekara shida baya. Don Allah ku tura wa 'yan uwa.