Imam Gazali da maganar gaskiya: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Tambayoyin nan sun yi ta dawowa har na gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya, saboda haka na tara su wuri guda.

Ai hali zanen dutse ne. Me karanta Gazali zai ƙara wa mutum?

Masu kawo wannan karin magana galibi uzuri suke nema wa kansu. Gazali ya ce da hali ba ya sauyawa, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk sun zama aikin banza, alhali ana horar da doki da kare da shaho har su bar ɗabi'arsu ta farko. Bai ce a tumɓuke fushi da sha'awa ba, domin ba su tumɓukuwa. Cewa ya yi a daidaita su, kuma marowaci ya riƙa tilasta wa kansa kyauta har hannunsa ya saba.

Wane ne shi ma tukuna?

Abu Hamid al-Gazali, haifaffen Ɗus ta ƙasar Farisa a 1058, kuma a can ya rasu a 1111. Ya koyar a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza daga 1091, ya ajiye aikin a 1095. Littafinsa da nake ciro waɗannan amsoshi daga ciki shi ne Ihya'u Ulumiddin, mai kashi huɗu, kowane kashi da littattafai goma.

An ce akwai hadisai masu rauni a cikinsa.

Akwai. Masanin hadisi Hafiz al-Iraƙi ya bi su ya tantance, kuma bugu da yawa suna ɗauke da aikin nasa a ƙasan shafi. A riƙa duba ƙasan shafin.

Yayana da matarsa sun saɓa. Ya halatta in ce mata ya yi nadama, alhali bai faɗa ba?

Wannan ce tambayar da ba na son a amsa da gaggawa. A littafin aibobin harshe na cikin Ihya'u, inda ya lissafa guda 20, Gazali ya ce magana hanya ce ta kaiwa ga manufa. Idan ana iya cimma kyakkyawar manufa da gaskiya, ƙarya haramun ce. Idan ba a iya cimma ta sai da ƙarya, hukuncin ƙaryar yana bin hukuncin manufar, har ma ta zama wajibi, kamar ga wanda ya ɓoye bawan Allah daga azzalumin da ke neman kashe shi. Ya kuma kafa hujja da hadisin Ummu Kulsum, wanda ya yi rangwame a wurare uku: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zance tsakanin miji da mata.

A zahiri, ke nan, naka ya shiga babin sulhu, kuma ka kwantar da hankalinka, niyyarka ba ta da laifi. Sai dai kada ka yi saurin murna. Da farko, ka tabbata gaskiya ta gaza? Sau da yawa mai sulhu bai ma zauna da ɗan'uwan nasa ya ji ta bakinsa ba, ya riga ya shirya maganar da zai kai. Sannan akwai mafita da magabata suka fi so, wato ka zaɓi abin da yake gaskiya ka faɗa, kamar cewa tun da ta tafi bai sami sukuni ba, in dai hakan ne. Kuma idan tushen rigimar duka ne ko tauye haƙƙi, a ganina ƙaryarka za ta mayar da ita cikin cutar ne kawai, wannan kuwa ba sulhu ba ne. Gazali da kansa ya yi gargaɗi cewa yawancin ƙaryar mutane don amfanin kansu ce, saboda haka ka bincika ko kai ne kake son hutawa da rigimar. Inda ka yi shakka, a wurinsa asali shi ne haramci, sai ka koma gare shi.

To ɗan kasuwa da ke cewa "haka na saya" fa?

Wannan ba yaƙi ba ne, ba sulhu ba ne. Ƙarya ce, kuma ka sani.

Ta yaya mutum zai gane aibinsa?

Hanyoyi huɗu ya ambata: malami mai basira, aboki mai gaskiya, lura da abin da kake ƙi a halin jama'a sannan ka neme shi a kanka, da kuma harshen maƙiyinka. Na ƙarshen ne mutane suke gudu, alhali Gazali yana ganin mai yiwuwa ya fi aboki mai daɗin baki amfani, tunda maƙiyi ba ya ɓoye maka komai don kunya.