Yaƙin jiki da Ruhu: ga amsoshin, a daina tare ni a ƙofa

Na daɗe ina koyar da ajin baftisma a majami'armu, tambayoyin kuwa ba sa canjawa. Bayan sujada a tare ni a ƙofa, da dare kuma saƙo ya shigo waya. Na rubuta su a nan, wanda ya sake tambaya sai in tura masa.

Na yi baftisma, me ya sa har yanzu nake sha'awar zunubi?

Don kana da rai. Galatiyawa 5:17 ta ce jiki da Ruhu gaba suke yi da juna, kuma masu bi Bulus ya rubuta wa wannan wasiƙa.

Ba Shaiɗan ne ke sa ni ba?

Yakan jarabci mutum, gaskiya ne. Amma duba Yaƙub 1:14, sha'awar mutum ce ke jan sa. Shaiɗan ne ya saya maka data da tsakar dare?

To, jikin nan nawa mugun abu ne ke nan?

A'a, Allah ne ya halicce shi. Abin da Bulus yake kira jiki shi ne halin mutuntaka, zuciyar da ke son yin gaban kanta. Cikin ayyukan jiki da ya lissafa a Galatiyawa 5:19-21 akwai fasikanci da maye, akwai kuma kishi, fushi da rarraba kan jama'a. Dattijon da bai taɓa ɗanɗana burukutu ba, amma ya raba ikkilisiya biyu saboda kujera, jiki yake bi. Wannan ne ba a son in faɗa.

Na sake faɗawa cikin zunubin da na tuba a kansa. In ci Jibin Ubangiji ranar Lahadi? In gaya wa fasto?

Nan kam ba ni da amsa guda. A 1 Korantiyawa 11:28 an ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Idan abin yana damun ka, ka furta shi ga Allah, kana kuma neman hanyar rabuwa da shi, ni ban ga dalilin ƙaurace wa teburin ba, 1 Yohanna 1:9 ta ishe ka. Idan kuwa ka riga ka shirya komawa ranar Litinin, ɗana, gara ka zauna a kujerarka. Sai dai kowace ikkilisiya da tsarinta, in an sa ka a horo kada ka ce ni na ba ka izini.

Batun fasto ya danganta da irin laifin. Wanda ya tsaya tsakaninka da Allah, kamar mugun tunani ko abin da kake kallo a waya, ba dole sai an kai shi gaban dattawa ba. Amma kada ka ɗauka kai kaɗai. Yaƙub 5:16 ta ce mu furta wa juna, don haka nemi mutum ɗaya wanda ya girme ka cikin bangaskiya, mai riƙe baki, namiji ga namiji, mace ga mace. Na jaddada riƙe baki, domin na taɓa ganin sirri ya zama "abin addu'a" a bakin rabin unguwa. In kuma ka cuci wani, ka ci kuɗin ƙungiya ko ka ɓata 'yar mutane, hawaye a ɗaki ba su biya ba. Zakka, mai karɓar harajin nan da ya tuba a gaban Yesu, ninki huɗu ya yi alkawarin mayarwa. A nan fasto ya kamata ya sani, ko da horo zai biyo baya.

Romawa 7, inda Bulus ya ce muguntar da ba ya so ita yake yi, kafin tuba ne ko bayan tuba?

Malamai sun rabu. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, da farko ya ce kafin tuba ne, da ya tsufa ya canja ra'ayi. Ni ina tare da ra'ayinsa na tsufa, wato bayan tuba ne. Ka dai ci gaba da karatu zuwa 8:1, kada ka kwana a sura ta 7.

Azumin kwana bakwai zai kashe sha'awar?

Yi azuminka, yana da kyau. Kolosiyawa 2:23 dai ta ce wahalar da jiki ba ya hana sha'awa. Yusufu, da matar maigidansa Fotifar ta neme shi, rigarsa ya bari ya gudu. Goge lambar mai jan ka zuwa zunubi daga wayarka tukuna.