Ikon Paparoma a Kan Coci da Sarakuna

Paparoma shi ne Bishop na birnin Rum kuma shugaban Cocin Katolika. Mabiya cocin suna ɗaukarsa magajin Manzo Bitrus, wanda ruwayar coci ta ce an kashe shi a Rum a zamanin Sarki Nero, tsakanin shekara ta 64 da 67 Miladiyya. Cocin Otodoks da na Furotesta ba su yarda cewa wannan gado ya ba shi iko a kan dukkan Kiristoci ba.

Asalin mulkin ƙasa

Sarautar duniya ta faɗo hannun paparomomi ne lokacin da daular Rum ta yamma ta raunana, birnin ya rasa mai tsaya masa. A 452 Paparoma Liyo na Ɗaya ya fita ya tari Atila, sarkin Hun, a arewacin Italiya, kuma mayaƙan suka juya. A 494 Gelasiyus na Ɗaya ya rubuta wa sarkin Rum ta gabas cewa iko biyu ne ke riƙe da duniya, na limamai da na sarakuna, kuma na limamai ya fi nauyi. Ƙasa ta kansu kuwa sai a 756 suka samu, da Pepin, sarkin Farankawa, ya ƙwace yankunan tsakiyar Italiya daga hannun Lombardawa ya miƙa wa Paparoma. Ranar Kirsimeti ta shekara ta 800 Liyo na Uku ya ɗora wa Sharlaman, ɗan Pepin, kambin sarkin sarakuna. Tun daga nan ake jayayya a kan wanda ke sama tsakanin mai naɗi da wanda aka naɗa.

Akwai wata takarda da ake dogaro da ita, mai cewa Sarki Konstantin ya ba Paparoma mulkin yammacin daular. Ana kyautata zaton an ƙirƙire ta a ƙarni na 8, kuma a 1440 Lorenzo Valla ya nuna ta jabu ce.

Rikicin naɗin bishop

Nan ne ikon ya fi bayyana. A Jamus bishop ba limami kaɗai ba ne, yana riƙe da gonaki da haraji da mayaƙa, don haka sarki ne ke zaɓarsa ya miƙa masa zobe da sanda, alamomin muƙamin bishop. Paparoma Giregori na Bakwai ya haramta wannan. A 1075 aka rubuta ƙa'idoji 27 a kundinsa, ciki har da cewa Paparoma yana da ikon tuɓe sarkin sarakuna. Sarki Henri na Huɗu na Jamus ya tara bishop-bishop ɗinsa suka ce Giregori ya sauka. Shi kuma ya kori Henri daga coci a 1076, ya warware wa hakimansa rantsuwar biyayya. Wannan warwarewa ita ce ainihin makamin, domin a lokacin rantsuwa ce ke ɗaure hakimi ga sarkinsa, kuma hakiman Jamus da ma suna neman hanyar bijirewa.

A Janairun 1077 Henri ya ƙetare tsaunukan Alps cikin tsananin hunturu zuwa ganuwar Kanosa a arewacin Italiya, inda Paparoma ya yi masauki. Kwana uku yana tsaye a ƙofa cikin tufafin masu tuba kafin a buɗe masa a yafe masa. Sulhun bai daɗe ba. A 1084 Henri ya shiga Rum da yaƙi, Giregori ya rasu a gudun hijira a Salerno a 1085. Sai a 1122, da yarjejeniyar Worms, sarkin lokacin, Henri na Biyar, ya haƙura da miƙa zobe da sanda, aka bar masa ba da filaye da haƙƙoƙin sarauta.

Inosent na Uku (1198 zuwa 1216) ya kai ikon ƙololuwa. A 1208 ya dakatar da yawancin hidimomin coci a Ingila gaba ɗaya, har Sarki John ya miƙa wuya a 1213 ya amsa cewa ƙasarsa tana ƙarƙashin Paparoma.

Raguwa

Bonifas na Takwas ya shelanta a 1302 cewa biyayya ga Paparoma sharaɗin samun ceto ce ga kowane mutum. Shekara guda bayan haka mutanen Filib na Huɗu na Faransa suka kama shi a garin Anagni na Italiya. Daga 1309 zuwa wajen 1377 paparomomi sun zauna a Avignon, a kudancin Faransa ta yau, sannan daga 1378 zuwa 1417 mutum biyu, wani lokaci uku, suka riƙa da'awar kujerar. Boren Martin Luther na 1517, wanda ya haifar da Furotesta, da ɓallewar Ingila daga Cocin Katolika a 1534 sun fitar da ƙasashe da dama daga hannun Rum.

Zamanin yanzu

A Yulin 1870 Majalisar Batikan ta Ɗaya, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta zartar cewa Paparoma ba ya kuskure idan ya yanke hukunci a hukumance kan aƙida ko ɗabi'a. Ranar 20 ga Satumbar shekarar sojojin Italiya suka ci Rum, mulkin ƙasa na sama da shekara 1,100 ya ƙare. Yarjejeniyar Lateran ta 1929 tsakanin Italiya da fadar Paparoma ta kafa ƙasar Birnin Batikan mai faɗin kimanin hekta 44. A yau Paparoma ne ke naɗa kadinal-kadinal (manyan limaman da ke zaɓen Paparoma) da yawancin bishop na Katolika, yana kuma aika jakadu ƙasashe. Shiga tsakanin da fadarsa ta yi ya kai Ajantina da Chile ga sulhu a 1984 kan rikicin mashigin Beagle.