Ƙwai, Batir da Rizista: Tambayoyin Mai Fara Haɗa Kayan Lantarki

Duk yammacin da na baje ƴan wayoyi a kan tabarma a ƙofar gidanmu a Gusau, sai samarin unguwa sun kewaye ni. Tambayoyinsu ba sa sauyawa, ga su nan da abin da nake ce musu.

Da me zan fara, tunda ba ni da kuɗi?

Da tocilar da ta mutu a ɗakinku. Kwance ta, za ka sami ƙananan ƙwayayen fitila da ake kira LED, makunni da guntayen waya. Masu gyaran rediyo a kasuwa kuwa ba sa rasa kwalin tsofaffin alluna a ƙarƙashin tebur. Ka gaishe su da ladabi, da wuya su hana ka. In kuɗi suka samu, fara sayen mita ta awon wuta, sannan allon gwaji mai ramuka, wanda kake soke ƙafafun kaya a ciki ba sai ka liƙa da dalma ba.

Na haɗa ƙwai da batir mai volt 9, ya yi wal sau ɗaya ya mutu. Me ya faru?

Ka ƙone shi, ƙanena, kuma nan ne karatun yake. Jan LED ba ya buƙatar fiye da kusan volt 2, ƙarfin wutar da zai bi ta cikinsa kuma kada ya wuce miliamfa 20. Kai kuwa ka sakar masa 9 gaba ɗaya. Wanda ya taɓa ganin ban-ruwa a gonakin Bakolori ya san in aka buɗe ƙofar ruwa duka, shukar ce ke tafiya. Rizista ita ce ke taƙaita ƙofar.

Lissafin na wani Bajamushe ne, Georg Ohm, da ya wallafa a 1827, kuma ɗan aji uku zai iya shi. Cire 2 daga 9, saura 7. Raba 7 da 0.02, wato miliamfa 20 ɗin nan a ma'aunin amfa, ka sami 350, girman rizistar da kake buƙata ke nan a ma'aunin ohm. Ba kasafai ake samun mai 350 ba, don haka ɗauki mai 390 ko 470. Mai 470 za ka gane ta da zobban jikinta: rawaya, shunayya, sai ruwan ƙasa. Doguwar ƙafar ƙwan ta nufi ɓangaren batir mai alamar +, in ka juya ta ba zai kama ba. Ranar da na fara ganin ƙwai ya kama ya zauna daram bayan na yi lissafin da hannuna, sai da na kira yayata ta zo ta gani.

Kafasita da tiransisto fa?

Kafasita ƴar randa ce, tana tara wuta ta sake ta. Tiransisto kuma makunni ne da ƴar wuta kaɗan ke taɓawa. Haɗa tiransisto mai lamba BC547 da wata irin rizista mai jin haske, za ka sami fitilar da ke kunna kanta da magariba.

Zan iya gwadawa da wutar NEPA?

A'a, ina roƙonka. Wutar bango volt 230 ce, tana kisa. Tsohuwar talabijin ma kada ka sa mata hannu, domin kafasitocinta kan riƙe wuta ko an cire ta daga soket. Batirin nan mai lamba 18650 da ake cirewa daga tsohuwar kwamfuta shi ma yana iya kamawa da wuta in kansa da gindinsa suka haɗu da ƙarfe.

Yaushe zan fara liƙi da dalma?

Bayan da'irarka, wato haɗin kayan da ka yi, ta yi aiki a allon gwaji. Amma mu Zamfarawa ba ma wasa da wannan kalmar. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma yawancin wayar liƙin da ke kasuwa akwai dalma a cikinta. Yi aikin a waje inda iska ke kaɗawa, kada ka riƙe wayar da baki, ka share ɗigon da ya zuba kafin ƙannenka masu rarrafe su iso, sannan ka wanke hannu da sabulu kafin ka zauna gaban tuwo.