Little Smalltalk a kan kwamfutar DOS: yadda ake girka shi da tayar da shi

Wane irin yare ne Little Smalltalk?

Ƙaramin ɗan'uwan Smalltalk ne, yaren rubuta manhaja da aka ƙirƙira a cibiyar binciken Xerox PARC da ke Palo Alto a Amurka cikin shekarun 1970, a hannun su Alan Kay da Dan Ingalls da Adele Goldberg. Timothy Budd ne ya fara aikin ƙaramin a 1984 lokacin yana Jami'ar Arizona, ya ci gaba da shi bayan ya koma Jami'ar Jihar Oregon, kuma a 1987 ya fitar da littafi mai suna A Little Smalltalk yana bayanin yadda aka gina shi. Da yaren C ya rubuta shi, kuma ya bar kowa ya kwafa kyauta.

Me ya hana a sa babban Smalltalk ɗin kai tsaye?

Inji ne ya gaza. Babban ɗin, wato Smalltalk-80, ya tashi ne a kan injinan Xerox masu tsada, masu allon zane da linzami da tagogi. Ita kuwa IBM PC da ta fito a watan Agusta 1981 tana ɗauke da ƙwaƙwalwar Intel 8088 mai gudun megahaz 4.77. Wannan ƙwaƙwalwa megabait ɗaya kacal take iya gani na ma'adana, wato wurin da inji ke riƙe abin da yake aiki a kai muddin yana kunne, a ciki ma an ware kilobait 384 na sama don allo da sauran kayan inji, saura 640 ga DOS, manhajar da ke tafiyar da injin, da duk abin da za ka tayar. Ko waɗannan ɗin ma a yanke suke gunduwa-gunduwa, kowace kilobait 64.

Budd bai yi ƙoƙarin cusa raƙumi a akurki ba. A fitowar farko ya yar da tagogi da linzami, ya riƙe ainihin yaren. A ganina nan ne hikimarsa take, domin abin da ɗalibi yake bukata ya fahimta yana cikin yaren ne, kuma ana iya koyonsa da baƙin allo da madannai kawai.

To mene ne wannan ainihin?

Kome abu ne, kuma abubuwa suna aiki ne ta hanyar aika wa juna saƙo. Lamba abu ce, kalma abu ce. Kowane abu yana da ajinsa, ajin kuma yana gadon halayen ajin da ke samansa. Idan ka rubuta 'sannu' size, ka aika wa kalmar saƙo ne kana tambayarta tsawonta, ta amsa maka da 5.

Ga inda sabon shiga yake fara tuntuɓe. Ka buga 3 + 4 * 2 ka danna madannin shigarwa, sai 14 ta fito a allo, alhali lissafin makaranta ya ce 11. Inji bai yi kuskure ba. An aika wa 3 saƙon "+ 4", ta ba da 7, sannan aka aika wa 7 saƙon "* 2". Daga hagu zuwa dama ake bi, babu alamar da ta fi wata girma. Wanda yake son 11 sai ya sa 4 * 2 cikin baka. Duk wanda wannan ya zauna masa a kai, ya kama rabin yaren.

Yaya ake girka shi?

Faifan zamanin mai faɗin inci 5.25 ne, yana ɗaukar kilobait 360. Mai hankali yakan fara da liƙe 'yar tsagar gefen faifan da sitika don kada a rubuta kome a kansa bisa kuskure, ya yi masa kwafi da umarnin DISKCOPY, ya ajiye na asali a aljihun tebur. Idan injin yana da babban faifai na ciki, sai a buɗe wa yaren ɗaki, wato wurin tara fayiloli, da MD C:\ST, a kwashe kome da COPY A:*.* C:\ST. Wanda yake son kiran yaren daga ko'ina sai ya ƙara sunan ɗakin a layin PATH cikin AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin umarnin da DOS ke bi duk lokacin da aka kunna inji, ya sake kunna inji.

Idan kuwa rubutun C ɗin ne ya zo hannunka, dole ka mayar da shi shirin da inji zai iya tayarwa da kanka, da wani abu irin Turbo C, wanda kamfanin Borland ya fitar a 1987. A nan sai an kula da wane tsarin ma'adana aka zaɓa, domin ƙaramin tsari yana tsare bayanai cikin gunduwa guda ta kilobait 64.

Mene ne fayil ɗin da ake kira hoton tsari?

A fitowar farko, ana rubuta ajujuwa a fayil na rubutu a shigo da su. Fitowar da suka biyo baya sun koma kan hanyar babban Smalltalk: fayil guda da ke ɗauke da dukan abubuwa da ajujuwa kamar yadda suke zaune a ma'adana. Wani ƙaramin shiri ne yake karanta fayilolin da ke ƙarewa da .st ya gina hoton sau ɗaya, daga nan mai tafiyar da yaren ya riƙa loda shi duk lokacin da aka tashe shi. Saboda haka fayil biyu ne ba sa rabuwa, shirin da hotonsa.

Abin da ya kamata a kiyaye shi ne, sabon ajin da ka rubuta yana ma'adana ne kawai har sai ka adana hoton. Wuta ta ɗauke kafin nan, aikin yini ya tafi. Haka kuma idan ka ɓata wani aji na tushe ka adana a kan hoton da kake da shi guda ɗaya, ka rufe ƙofa da makulli a ciki. Shi ya sa ake ajiye hoto mai tsabta a wani faifai daban.

Ya ƙi tashi. Ina za a fara dubawa?

Ma'adana tukuna. Umarnin CHKDSK yana nuna yawan abin da ya rage a layinsa na ƙarshe. Shirye-shiryen da ke laɓewa a ma'adana bayan an tashe su, irin su SideKick, suna cin rabonsu tun kafin yaren ya shigo, don haka a cire su daga AUTOEXEC.BAT a sake kunnawa. Sai a duba ko hoton yana ɗakin da kake tsaye. Idan ƙorafin na buɗe fayil ne, layin FILES=20 a CONFIG.SYS, fayil ɗin saitin DOS, yakan warware shi.

Ana iya gwada shi yau ba tare da tsohon inji ba?

Ƙwarai. DOSBox yana kwaikwayon injin DOS a kan Windows da Linux da Mac. Ka zuba fayilolin a ɗaki guda, ka ɗaura shi da umarnin MOUNT a matsayin faifan C:, ka shiga ka kira shirin. Rubutun C ɗin ma yana nan a intanet, kuma gajere ne har ɗalibi zai iya bin sa fayil bayan fayil ya ga da idonsa yadda saƙo yake neman aikinsa a aji, in bai samu ba ya hau ajin da ke sama.