Ma'anar rabon birki a motar da aka haɗa da hannu

Rabon birki shi ne yadda aikin tsayar da mota yake kasuwa tsakanin tayoyin gaba da na baya idan direba ya taka feda. In aka ce rabon mota 65 da 35 ne, to gaba ke ɗauke da kashi 65 cikin ɗari, baya 35. Motar kamfani an riga an yi mata wannan lissafi. Amma da zarar mutum ya sauya inji, ya cire kujerun baya, ya ɗaura kalifa (abin da ke matse faifan birki) mai fistan huɗu, ko ya mayar da diram ɗin baya faifai, lissafin kamfani ya rushe, sai a sake sabo.

In an taka birki, nauyin mota gaba yake zubowa: hanci ya duƙa, baya ta ɗaga. Taya kuwa gwargwadon nauyin da ke kanta take kama ƙasa. Idan tayoyin gaba suka fara kullewa, sitiyari zai daina jin magana, motar ta miƙe, amma da an sassauta ƙafa sai ta dawo hannu. Idan na baya ne suka riga, sai bayan ya kwaso ya zo gaba, motar ta yi katantanwa a tsakiyar titi, kuma ba kowane direba ke iya ceto ta ba. Shi ya sa ake son gaba ta riga baya kullewa, amma da ɗan kaɗan. In ratar ta yi yawa, birkin baya ya zama ɗan rakiya, faifan gaba ya yi ta cin wuta, motar kuma ta ƙara nisa kafin ta tsaya. A Ingila, inda ake yawan haɗa motoci samfurin Lotus Seven a garejin gida, gwajin IVA, wanda hukuma ke yi wa irin waɗannan motoci, yana duba wannan kafin a yi wa mota rajista.

Lissafin daga feda yake farawa. A auna daga inda feda ke lilo zuwa inda ƙafa ke taka, a raba da tazarar da ke tsakanin wurin lilon da sandar masta, wato silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi. Santimita 30 a raba da 5, ya ba da 6. Motar da ba ta da busta, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, tana son wajen 6, mai busta wajen 4. Wanda ya cire busta don inji ya samu wuri, ya bar fedar yadda take, zai taka iya ƙarfinsa motar tana ta tafiya.

Sai girman masta, kuma nan ne mutane da yawa ke fahimtar abin a juye. Ƙaramar masta ce ke ba da matsi mai yawa, ba babba ba. Ƙafa ta danna da kilo 40 a kan feda mai ninki 6, an samu kilo 240. In masta biyu ne gefe da gefe, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, kowace ta samu 120. Masta mai faɗin inci 3/4, fuskar fistan ɗinta murabba'in santimita 2.85 ne, matsin da za ta bayar wajen kilo 42 ne a kowane murabba'in santimita. Mai inci 5/8 fuskarta 1.98, matsinta ya kai wajen 60. Sai dai ƙaramar ba ta tura mai da yawa, don haka feda ke yin nisa kafin birki ya kama. Saboda wannan aka fi sa ƙaramar a layin gaba, babbar a layin baya. Wajen lissafin kalifa mai fistan ta ɓangare biyu kuwa, fistan ɗin ɓangare ɗaya kawai ake ƙirgawa.

Hanya biyu ake bi a gyara rabo. Akwai sandar rabo, mai zare, da ke haɗa masta biyu, irin ta Tilton ko AP Racing: in aka murza ta cibiyarta ta matsa kusa da wata masta, waccan ce za ta fi samun ƙarfi. Gyaran ƙarshe ake yi da ita. In sai an kai ta ƙurya kafin mota ta daidaita, girman masta ne bai dace ba. Akwai kuma bawul mai murɗawa da ake sa wa layin baya. Rage matsi kawai yake yi, ba ya ƙarawa, kuma ba a taɓa sa shi a layin gaba.

Gwaji a fili ake yi, inda babu jama'a, a gudun kilomita 50 a awa, wani ya tsaya a gefe yana kallon layin alli da aka ja a jikin tayoyi don ya ga wadda ta fara tsayawa. A yi shi a busasshiyar kwalta, tayoyi sun yi ɗumi, tanki ba cike ba, domin a nan ne baya ta fi rasa nauyi. Rabon da aka daidaita a kan burji zai iya kulle baya a kwalta mai kyau.

Kuloci mai aiki da mai shi ma wannan lissafin yake bi. Masta ta yi ƙanƙanta, filet ba zai saki sosai ba, giya ta riƙa kartawa, musamman ribas. Ta yi girma, feda ta yi tauri, biyarin ya tura yatsun kuloci fiye da kima har su lanƙwashe ko roba ta fashe a cikin gidan kuloci, sai an sauke giyabos. Maganinsa a ɗaura kusar tokare a ƙarƙashin feda, a saita ta ta tsaya kaɗan bayan inda kuloci ya saki. A kuma bar wa sandar masta ɗan wasa na kamar milimita 1, ta birki da ta kuloci duka. In babu shi, fistan yana toshe ƙaramin ramin da mai ke komawa tanki ta cikinsa. Mai ya yi zafi ya kumbura, birki ya riƙe da kansa, kuloci ya fara sulɓi. Man ma a zaɓa da kyau: sabon man birki samfurin DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salshiyas, DOT 4 kuwa 230, DOT 5.1 kuma 260, kuma duka ukun suna shan danshi, ƙarfinsu ya ragu. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da ko ɗaya daga cikinsu.