Waiwaye: kayan araha da waɗanda ke biyan cikon kuɗin

Duk sanda ka ji kamfani ya fito yana cewa jama'a su dawo mai da kayansa za a mayar musu da kuɗinsu, to ba kirkin kamfanin ne ya kawo haka ba, sai da aka binne mutane tukunna doka ta zo. A 1937 wani kamfani a Amurka ya narka magani cikin sinadarin diethylene glycol don ya yi daɗin sha, mutum sama da 100 suka mutu, da yawansu yara, sai a 1938 aka yi dokar da ta ce dole a tabbatar magani ba ya cutarwa kafin ya shiga kasuwa. A 1972 suka kafa hukumar kula da lafiyar kayan masarufi, a 1978 ta hana sa fenti mai dalma a kayan wasan yara.

To sai masana'antun suka fara kwashe injinansu suna komawa inda ƙwadago ke da arha, abin ya ƙara ƙarfi bayan China ta shiga Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a ƙarshen 2001. Dokar ta tsaya gida, aikin ya tafi wani wuri, kuma mai babban suna ba shi ke da masana'antar ba, kwangila yake bayarwa, wanda ya karɓa shi ma ya yanka ya ba wani, kowa na matse na ƙasa da shi a farashi, har a kai kan wanda ba shi da inda zai rage sai dai ya sayi fentin da ya fi sauƙi ko ya bar bango ba gyara.

A 2007 asiri ya tonu. Mattel, masu yin 'yar tsanar Barbie, suka janye miliyoyin kayan wasa da aka yi a China, wasu saboda dalma a fenti, wasu saboda ƙananan maganaɗisu da ke cirewa yaro ya haɗiye su haɗe mai hanji. Zhang Shuhong, ɗaya daga masu masana'antar Lee Der da ke Foshan inda aka yi wasu daga cikin kayan, ya kashe kansa a watan Agusta na shekarar bayan an hana su fitar da kaya. Daga baya Mattel da kanta ta ba China haƙuri, ta amsa cewa yawancin abin da aka janye laifin zanenta ne ba na masu ƙerawa ba. Abin da ke ci min rai a nan shi ne, an yi ta maganar yaron da zai sa motar roba a baki, kuma ya kamata a yi, amma ma'aikacin da ke wuni yana fesa wannan fentin yana shaƙa, ba ka cika jin an tambayi lafiyarsa ba.

Shekara ta zagayo sai ga madarar jarirai a China, an tsinka madara da ruwa an zuba sinadarin melamin don gwaji ya nuna kamar tana da furotin, jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwo, akasari na ƙoda, 6 suka rasu a ƙididdigar hukuma.

Sai Rana Plaza, wani gini mai masana'antun ɗinkin tufafi a Savar kusa da Dhaka, Bangladesh. Ranar 23 ga Afrilu 2013 aka ga ginin mai hawa 8 ya tsage, banki da shagunan ƙasa suka rufe, amma washegari aka ce wa masu ɗinki su koma bakin keke ko su rasa albashi, alhali mafi ƙarancin albashin lokacin taka 3,000 ne na kuɗin ƙasar a wata, dala 40 ma bai kai ba, ina mutum zai iya cewa a'a? Wuta ta ɗauke aka tada janaretocin da ke saman bene, gini ya rufto. Mutum 1,134 suka mutu, yawancinsu mata, akwai wadda sai bayan kwana 17 aka zaro ta da rai. Watanni kaɗan kafin nan gobarar masana'antar ɗinki ta Tazreen a Bangladesh ta ci sama da mutum 110, ta Ali Enterprises a Karachi ta Pakistan sama da 250, ita kuma 'yan makonni kenan da aka ba ta takardar shaidar cika ƙa'ida. Rigar da aka ɗinka a waɗannan wurare fa lafiyarta ƙalau, ba ta cutar da mai sawa, shi ya sa tsarin janye kaya bai ma san da zamansu ba. Sai bayan rushewar ne kamfanoni sama da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba gine-gine da hanyoyin tsira daga gobara, wadda ƙungiyoyin ƙwadago ke ciki kuma ana iya kai wanda ya saɓa gaban shari'a, kuma gaskiya ta gyara masana'antu da dama.

Shi kansa janyewar ba kowa ke samunta kan lokaci ba. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, ƙodarsu ta daina aiki bayan shan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, ƙasar ba ta da ɗakin gwajin magani nata, sai da aka kai samfuri waje, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Oktoba. Cikin abin da gwajin ya gano har da diethylene glycol, wancan dai na 1937.